An ce akwai "jaka" a zuciyar yarona, wa ya taɓa jin irin wannan?

Baban Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, tun la'asar nake juya takardar nan a hannuna na kasa gane kanta. Yarona shekararsa 9. Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da shi, muka kai shi asibiti, likitan da ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji ya ce yana jin wata 'yar ƙara, a je a yi eko, wato hoton zuciya. Zazzaɓin maleriya ne, ya riga ya sauka, yaro har ya koma tamaula a bayan layinmu nan Pantami. Yau muka karɓo sakamako. An rubuta cewa akwai wata 'yar jaka a ɗakin ƙasa na hagu na zuciya, can wajen tsininta, girmanta santimita 1.3. Sun sa mata suna daibatikulum, suka kuma ɗora alamar tambaya a gaba. An ce mu dawo ranar Talata mu ga babban likita, wataƙila kuma a nemi wani hoton na babbar na'ura da ake kira MRI. Uwarsa tunda ta ji an ce jaka a zuciya ko ruwa ta kasa sha. Don Allah wanda ya san abin nan ya yi mana bayani da Hausa.

Adda Jummai Bolari:
Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Ka lallashi maman, kada ita ma ta kwanta.

Hamma Buba Dukku:
Baban Hanif, kada ka tsaya jiran Talata. Zuciya ba a wasa da ita. Wani abokin kasuwancina aka ce masa zuciyarsa ta yi kumburi irin wannan, bai yi wata biyu ba aka yi jana'izarsa. Ka fara neman fasfo, Indiya ko Masar. In gona ce a sayar, rai ya fi ƙasa.

Malam Sale Mai Shago:
Haba Hamma Buba, ka ƙara wa mutum tashin hankali. Yaro na gudu yana buga ƙwallo, ina ciwon yake? Na'urorin nan in ka shiga da lafiyarka sai sun samo maka wani abu. A ba shi zuma da habbatus sauda da safe, a yi masa tofi, a bar wa Allah.

Usman Mai Eko:
Salamu alaikum. Sana'ata ke nan, ɗaukar hoton zuciya, shekara takwas ina riƙe da kan na'urar. Hamma Buba, abokinka shekararsa nawa? Yana da hawan jini ko suga?

Hamma Buba Dukku:
Zai kai 58. Yana da duka biyun, ya taɓa faɗuwa a shago da ciwon ƙirji.

Usman Mai Eko:
To ka ga, nasa daban, na yaron nan daban, sunan "kumburi" kawai suka yi tarayya. Abokinka, Allah Ya jiƙansa, da alama jijiyar da ke shayar da tsokar zuciya ce ta toshe, wani sashe na tsokar ya mutu, ya zama tabo, tabon ya saki ya yi tulu. Wannan samuwa ake yi da girma. Na Hanif kuwa, in har yadda aka rubuta ne, da shi aka haife shi, shekara tara yana ɗauke da kayansa bai sani ba.

Bari in kwatanta yadda nake gaya wa mutane a ɗakin hoto. Zuciya ɗaki huɗu ce, biyu sama biyu ƙasa. Na ƙasa su ne masu ƙarfin tura jini, na hagu kuma shi ne babban ma'aikaci, shi ke aika jini har tafin ƙafa. To wani lokaci akan haifi mutum da wani ɗan aljihu da ya fito daga bangon ɗakin. Aljihun nan iri biyu ne manya. Na farko kamar ƙaramin zuga-zugin maƙeri ne aka ɗinka a jikin babba: bangonsa tsoka ce sosai, bakinsa yawanci ƙarami, in zuciya ta matse shi ma sai ya matse ya amayar da jinin da ke cikinsa. Shi ne daibatikulum. Na biyu kuwa ku tuna tub ɗin keke in ya yi rauni a wuri guda, mai faci na bugun iska wurin na tasowa. Bangon nan ba tsoka ba ce, siririn zare-zare ne, bakinsa da faɗi, in zuciya ta matse shi ko dai ya tsaya ƙam ko ya kumbura waje. Shi ne aniyurizim. Wannan na biyun ya fi ba mu tsoro, domin jini na kwana a ciki, jinin da ya kwana kuma guda yake yi.

Alamar tambayar da ka gani, ma'anarta wanda ya ɗauki hoton ya fi zaton na farko ne, amma yana son babba ya sa ido. Ni ma haka nake rubutawa.

Baban Hanif:
Malam Usman Allah Ya saka da alheri, yanzu na fara numfashi. To ta yaya kuke bambancewa, alhali duk baƙi da fari ne a allon? Ni da na leƙa ban ga komai ba sai kamar hadari.

Usman Mai Eko:
Haha, kowa haka yake cewa. Muna rage gudun hoton ne, mu bi shi ɗaya bayan ɗaya tare da layin bugun da ke ƙasan allo. A daidai lokacin da ɗakin ya matse, sai mu kalli aljihun: ya ƙanƙance ko ya buɗe? Bangonsa ya yi kauri ko yana nan siriri kamar takarda? Sannan mu kunna launi. Ja na nufin jini na tahowa wajen kan na'urar, shuɗi na nufin yana tafiya. Ba ruwan launin da jini mai kyau ko marar kyau, mutane da yawa na ruɗewa a nan. Da launin muke ganin lokacin da jini ke shiga aljihun da lokacin da yake fita. Sai mu auna bakin, mu duba ko akwai gudan jini a kwance a ciki. Yara ma sun fi daɗin ɗauka, ƙirjinsu ba kitse, hoto na fita tas. Matsalar tsinin zuciya ita ce yana ɓuya a bayan haƙarƙari da huhu, in ba ka kwantar da yaro ta hagu ka nemo wurin da kyau ba sai ka yanke shi daga hoton.

Dakta Hauwa:
Na shigo a makare, ina kan aiki. Likitar yara ce ni. Malam Usman ya yi bayani mai kyau, ba abin da zan rage. Baban Hanif, amsa mini waɗannan: ya taɓa suma, musamman yana cikin gudu? Yana cewa ƙirjinsa na dukan uku-uku haka kawai yana zaune? Yana gajiya kafin sa'o'insa? A danginka ko na mamansa akwai wanda ya yanke jiki ya faɗi ya rasu yana matashi ba tare da jinya ba? Sannan ka ɗaga rigarsa ka duba tsakanin ƙashin ƙirji da cibiya, akwai wani kumburi ko rami?

Baban Hanif:
Ranki ya daɗe, babu ko ɗaya. Gudu kam sai an kamo shi. Cikinsa lafiya lau, yanzu na duba yana barci. Dangi kuma na kira Baffana a Kumo na tambaye shi, ya ce bai san da wani ba.

Dakta Hauwa:
Alhamdu lillahi, waɗannan amsoshi ne masu daɗi. Ita ƙarar da aka ji ma mai yiwuwa ba daga aljihun take ba. Yaro mai zazzaɓi da ƙarancin jini zuciyarsa na gudu, jini na wucewa da sauri, sai a ji ƙara, in ya warke ta ɓace. Galibin irin aljihun nan haka ake tsintarsa, an je neman wani abu daban.

Amma Malam Sale, ban yarda da "a bar shi kawai" ba. Ko mai bangon tsokar yakan jawo abu uku, ko da yake ba kasafai ba: rikicewar bugun zuciya da ke tasowa daga wurin, gudan jini da zai iya ɓallewa ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki, da fashewa, wadda ta fi faruwa ga jarirai da 'yan tayi. Zuma abinci ce mai kyau, tofi kuma ni ma ina yi wa nawa 'ya'yan. Sai dai babu ɗayansu da zai gaya mana ko aljihun na ƙara girma. Awo ne ke faɗin wannan.

Malam Sale Mai Shago:
Dakta ban ƙi taki ba. Abin da ke ba ni haushi, talaka ya shiga asibiti da ƙafarsa a yi ta aika shi hoto bayan hoto har jarinsa ya ƙare, a ƙarshe a ce masa "a ci gaba da lura". To da ba a yi hoton ba ma ai lurar ake yi.

Usman Mai Eko:
Wallahi Malam Sale a nan ina bayanka rabi. Ni a ganina, yaro siriri irin wannan, in babban likita ya maimaita eko da hannunsa ya ga bango na matsewa sarai, MRI ba dole ba ne yanzu. Ba kowace na'urar MRI ce ke yin na zuciya ba, sai mai manhajar da ke bin bugun, sai kuma wanda ya iya karantawa. Sau da yawa sai an yi tafiya, ga kuɗin mota, ga masauki, ga kuɗin hoton kansa. Yaro kuma zai kwanta cikin rami mai ƙara kusan awa guda, ana ce masa riƙe numfashi, saki, riƙe. Wani sai an sa shi barci.

Dakta Hauwa:
Malam Usman, ka san dai abin da MRI ke gani wanda na'urarka ba ta gani. Eko na nuna motsi, MRI na nuna irin naman. Akwai ruwan da ake sawa ta jijiya, gadoliniyam, a jira kamar minti goma a sake ɗauka. Inda tabo yake sai ruwan ya maƙale ya yi fari fat, tsoka mai rai kuma ta fito baƙa. Nan take gardamar "tsoka ce ko zare" ta mutu. Kuma MRI ba shi da tururin nan mai illa da ke cikin eksire da hoton CT, wanda ga yaro abin dubawa ne. CT na da nasa amfanin, yana da sauri, daƙiƙoƙi kaɗan, yana fito da jijiyoyin da ke shayar da zuciya ƙarara, shi ya sa masu tiyata ke son sa kafin su yanka. Amma ba shi za a fara nema wa Hanif ba.

Inda na yarda da kai: in ekon babba ya fito ba shakka, ana iya jinkirta MRI. In shakka ta rage ko kaɗan, gara a sha wahalar tafiyar sau ɗaya da a shekara goma ana zullumi.

Usman Mai Eko:
Na karɓa, ranki ya daɗe. Amma ki yarda an fi rubuta shi don likita ya kwanta da kwanciyar hankali, ba don majiyyaci ba.

Dakta Hauwa:
Wani lokaci. Ba zan yi maka musu a gaban jama'a ba.

Maman Ilham Tumfure:
Ni dai tun ɗazu nake karantawa ina share hawaye, don na bi ta hanyar nan, sai dai tawa ta fi ta Hanif zafi. Ina da shekara 26, bayan haihuwata ta biyu, na fara haki. In na hau 'yar matattakalar gidanmu sai na zauna. Dare kuwa sai da matashi uku, in na kwanta flat sai in ji kamar an danne ni da buhu. Ƙafafuna suka kumbura har zoben ƙafa ya nutse. Inda muka fara zuwa ko hoto ba a yi ba, aka ce ciwon zuciyar jego ne, wankan ruwan zafi da kunun kanwa ne suka jawo, aka ba ni maganin fitsari. Goggona ta sha faɗa a banza, ni ko wata guda ban yi ina wankan ba. Wata bakwai ina shan magani ina lallaɓawa, sai wata rana ina tankaɗe hannuna na dama ya saki rariya, bakina ya karkace, magana ta ƙi fita. Kafin a kai ni asibiti ya sake ni, bai fi minti ashirin ba. To a nan ne aka yi eko na gaske. Aka ga jaka a bayan zuciya, ƙarƙashin ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na hagu, ta janye ƙofar har ba ta rufuwa, jini na komawa baya. Ga gudan jini a kwance a ciki. Sai da aka zura mini wata na'urar ta maƙogwaro aka sake ɗauka daga ciki, don wai ta nan an fi ganin bayan zuciya. An yi mini tiyata shekara huɗu ke nan, aka rufe bakin jakar aka gyara ƙofar. Yanzu ni ke kai yara makaranta da ƙafa.

Abin da nake so in ce wa Maman Hanif, ta gode wa Allah an gani tun yaro na gudu. Ni sai da hannu ya saki.

Adda Jummai Bolari:
Allahu Akbar. Maman Ilham ashe haka kika sha. Allah Ya ƙara lafiya.

Dakta Hauwa:
Maman Ilham, na gode da kika faɗa, domin naki shi ne irin da ya fi shafarmu a nan. Ƙofar da kike nufi ita ce mitiral, jakar kuma ana ce mata aniyurizim na ƙarƙashin mitiral. Wani abin da ba kowa ya sani ba, a ƙasar nan aka yi rubutun da ya sa likitocin duniya suka san ciwon sosai. A 1962 Abrahams da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na jami'ar Ibadan suka wallafa bayanin majiyyata 12 masu irin wannan jakar. Tun daga nan aka lura an fi samunsa a baƙar fatar Afirka, kuma a matasa, ba tsofaffi masu toshewar jijiya ba. Abin da aka fi zato shi ne rauni ne na haihuwa a inda tsokar ɗakin ke haɗuwa da zoben ƙofar, matsin jini na shekaru ya yi ta tura wurin har ya zama jaka. An kuma same shi tare da tarin fuka a wasu mutane, shi ya sa mukan bincika wannan ma.

Ciwon zuciyar jego gaskiya ne, yana da yawa a Arewa, likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970. Illar ita ce sabo da shi kan sa duk mai jegon da ta zo da haki a lakaba mata shi. Ciki da haihuwa na ƙara wa zuciya kaya, sai ciwon da ke ɓoye tun haihuwa ya fito fili a lokacin. Mai jego da haki da kumburi, eko ne haƙƙinta.

Naki irin kuwa ba a cika zaman lura da shi ba in ya fara taɓa ƙofa ko ya tara guda. Yana iya danne jijiyar da ke zagayawa ta bayan zuciya ma. Tiyata ce maganinsa. Kin ga bambancinsa da na Hanif.

Malam Sale Mai Shago:
To Maman Ilham kafin tiyatar me aka ba ki na gudan jinin? Akwai masu cewa tafarnuwa na tsinka jini.

Maman Ilham Tumfure:
Wafarin aka ba ni Malam, kuma daidai tafarnuwar da jiƙe-jiƙen aka hana ni, don in suka haɗu jinin kan tsinke fiye da kima. Kullum cikin gwajin INR nake, wato awon tsinkewar jini, ana so ya zauna tsakanin 2 da 3. Akwai lokacin da damina ta faɗi na samu alayyahu mai arha na yi ta faten ganye mako guda, da na je gwaji ya sauko, likita ya ce ganyen na rage ƙarfin maganin. Bai ce in daina ci ba, ya ce kada in yi yau tuli gobe babu. Sannan aka ja mini kunne sosai kada in ɗauki ciki ina shansa, yana lahanta ɗan tayi.

Hamma Buba Dukku:
To ni dai har yanzu ban gamsu ba. In an san abin zai iya fashewa ko ya shanye yaro, me ya sa ba za a yanke shi a huta ba tun yana ƙarami?

Dakta Hauwa:
Hamma, tambayarka likitocin zuciya ma ba su gama da ita ba. Tun 1816 wani likitan Jamus, Kreysig, ya fara bayyana irin aljihun nan, amma saboda ƙarancinsa har yau yawancin abin da aka sani daga rahoton mutum ɗaya ne, ko 'yan kaɗan. Akwai masu ra'ayinka, a cire duka. Akwai masu cewa ƙarami mai bangon tsoka da ba ya damun kowa a bar shi ana aunawa, kuma da yawa sun tsufa da nasu ba abin da ya faru. Ka tuna tiyatar ba cire ƙaya ba ce. Za a tsaga ƙashin ƙirji, galibi a ɗora yaro kan injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, sannan inda aka ɗinke zai bar tabo, tabon kansa kan iya zama tushen rikicewar bugu. Ana ɗaukar wannan kasadar ne in aljihun na girma, ko bangonsa siriri ne, ko ya tara guda, ko yana rikita bugu, ko akwai wani lahanin da dama za a shiga gyarawa.

Akwai ma wani nau'in da bai kai aljihu ba, 'yar tsaga ce cikin kaurin tsokar, ba ta fita waje, in zuciya ta matse sai ta rufe. Yawaitar MRI da CT ta sa ake ganinta yanzu a mutane masu lafiya. Ita ba a taɓa ta, sai dai in akwai tarihin ciwon kaurin tsokar zuciya a dangi a ƙara bincike. Shi ya sa na tambayi Baban Hanif zancen dangi.

Goggo Nas Bajoga:
'Ya'yana sannunku da hira. Jikata ce ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Dakta, tambayar da kika yi ta cibiya ta tuna mini wani abu. Shekaru da yawa ina aikin karɓar haihuwa, aka kawo mini jariri kwana biyu da haihuwa daga wani ƙauye. Saman cibiyarsa akwai wani tsiro kamar babban yatsa, fatar wurin siririya. Kakar ta ce cibiya ce ta fito, tun jiya take gasa masa da tsumma mai zafi, har ta nemo kwabo za ta ɗaure a kai. Na ɗora yatsana. Abin na bugawa, dif dif dif, daidai da ƙirjinsa. Na sa ɗaya hannun a ƙirji na tabbatar. Jikina ya yi sanyi. Na ce Hajiya kada ki ƙara taɓa wurin nan, zuciyar yaron ce ta miƙo. Ta ce in daina saɓo. Na rufe da bandeji mai laushi ban matse ba, na rubuta musu takarda zuwa Gombe. Daga baya uban ya zo ya gaya mini yaron ya kwana 11 ya koma, an ce akwai wasu ramukan a cikin zuciyar. Har yau in na ga ana gashin cibiya sai na fara kai yatsa.

Dakta Hauwa:
Allah Ya saka miki Goggo, abin da kika yi shi ne daidai. Wannan shi ne ciwon da Cantrell da abokansa biyu suka bayyana a 1958. Abu biyar ne ke haɗuwa saboda tsakiyar jiki ba ta rufe da kyau ba: bangon ciki saman cibiya, ƙasan ƙashin ƙirji, gaban tantanin da ya raba ƙirji da ciki, rigar da ke lulluɓe zuciya, sai lahani a cikin zuciyar kanta. Aljihun kan zama dogo kamar yatsa, ya bi ta ɓarakar ya sauko har cibiya. Irin wannan ba a jira, ana yi masa tiyata. Ana iya ganinsa tun a ciki in an yi sikanin na mako 18 zuwa 22 a hannun wanda ya iya. Matanmu kuma yawanci sikanin ɗinmu na "mace ne ko namiji, kai ya juya ko bai juya ba" ne.

Baban Hanif:
Dakta, ga tambaya daga mamansa, ta ce in rubuta yadda ta faɗa. Wai lokacin cikinsa ta yi ta ɗaukar jarka daga rijiyar burtsatse har wata takwas, kuma ta taɓa faɗuwa a bakin ƙofa. Ko ita ce ta jawo masa? Wata 'yar uwa kuma ta fara zancen mayu.

Dakta Hauwa:
Ka gaya mata, zuciyar ɗan tayi na fara bugawa ne wajen kwana 22 da shigar ciki, kafin mako takwas an gama gina ɗakunanta. A lokacin mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba. Jarkar wata takwas ba ta isa ta yi wannan ba, faɗuwa ma haka. Ta ci abinci. 'Yar uwar kuma a ba ta haƙuri ta bar zancen, kada a ɓata zumunci a kan abin da aka gani a allo ƙuru-ƙuru.

Ranar Talata ka tafi da takarda ka rubuto amsar waɗannan: bangon na matsewa tare da zuciya? Bakin nawa ne, aljihun nawa ne? Akwai guda? Ƙofofi da sauran ɗakuna lafiya? Yaushe za a sake aunawa? Ƙwallo fa? Ka roƙi a ba ka hoton a faifai ko a waya, ba takardar kaɗai ba, don duk wanda zai auna nan gaba ya samu abin kwatantawa.

Hamma Buba Dukku:
To shi ke nan, na janye zancen gona. Amma fasfo dai a yi, ba ya ruɓewa.

Adda Jummai Bolari:
Hamma Buba kai da Indiya sai Allah.

Baban Hanif:
Salamu alaikum jama'a, mun dawo. Babban likitan ya maimaita ekon da kansa, ya fi rabin awa. Ya juyo mini da allon ya rage gudu, wallahi Malam Usman na ga abin da ka ce, ɗan aljihun na tsukewa tare da zuciyar kamar bakin jakar tsaba. Ya ce bangon tsoka ne, bakin ƙarami, babu guda, ƙofofi lafiya, girman na nan 1.3. Ƙarar ma ya ce yau bai ji ta ba. An yi ECG, wato awon bugun zuciya, ya yi kyau. MRI ya ce a dakata, a sake eko bayan wata shida, in ya ga canji ko ɗan kaɗan to sai mun tafi. Ba a ba shi magani ko ɗaya ba. Yanzu an manna masa wayoyi a ƙirji da wani ɗan akwati a ƙugu, zai kwana da shi awa 24 ana naɗar bugun, gobe mu mayar. Ƙwallo an ce ya jira sakamakon wannan. Tun da muka dawo yake zagaya layi yana gaya wa yara wai rediyon 'yan sanda ne. Mamansa ta ci tuwo.

Malam Usman, an manta ba a gaya mana ba, zai iya wanka da abin?

Usman Mai Eko:
A'a, kada ruwa ya taɓa shi, a goge masa jiki da tsumma kawai. In ɗaya daga cikin mannin ya ɓalle saboda zufa ku mayar a daidai wurin ku ɗora filasta. Kuma ku bar shi ya yi ta zagayen layin, bugun da yake yi yana wasa shi ake son a kama. Ku dai rubuta lokacin da ya kwanta da lokacin da ya tashi, ku haɗa da akwatin gobe.